Ɓatan Dabo a Burundi: Siyasa Ce Ko Ƙabilanci?

Dokar Burundi ta ba ɗan sanda damar tsare wanda ake zargi kwana 7, in ta kama a ƙara masa wasu 7, daga nan dole ya fito da shi gaban shari'a. Sai dai tun daga 2015 ɗaruruwan mutane suka shiga hannun jami'an tsaron ƙasar, ba a rubuta sunansu a rajistar kowane caji ofis ba, ba a kai su kotu ba, har yau kuma ba a ji ɗuriyarsu ba. Da yawansu 'yan ƙabilar Tutsi ne, shi ya sa gardama ta ƙi ƙarewa: wasu na cewa share fagen kisan ƙare dangi ne, wasu na cewa rikicin siyasa ne zalla. Hujjojin da ke ƙasa sun nuna cewa siyasa ce ta buɗe gidajen tsarewar sirri, amma ƙabila ta zama hanya mafi sauƙi ta zaɓen wanda za a jefa ciki.

Wutar ta tashi ne a watan Afrilu na 2015, da jam'iyyar CNDD-FDD ta tsayar da Shugaba Pierre Nkurunziza takara karo na uku. Masu adawa suka ce an karya Yarjejeniyar Arusha ta 2000, wadda ta share hanyar kawo ƙarshen yaƙin basasar da ya ci rayuka kusan 300,000, ta kuma raba rundunar soja rabi da rabi tsakanin Hutu masu rinjaye da Tutsi tsiraru. Zanga-zanga ta fi zafi a unguwannin Bujumbura irin su Musaga, Nyakabiga, Mutakura da Ngagara, inda Tutsi ke da yawa. A ranar 13 ga Mayu Janar Godefroid Niyombare ya yi yunƙurin juyin mulki bai kai labari ba. Daga ranar gwamnati ta daina bambanta mai ɗaga kwali da mai ɗaukar bindiga. Sai kuma 11 ga Disamba, da 'yan bindiga suka kai hari barikokin soja. Rundunar ta ce mutum 87 suka mutu. Mazauna waɗancan unguwanni suka ce gida gida aka bi ana fito da samari. A ƙarshen Janairun 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam na wuraren da take zargin manyan kaburbura ne a Buringa, kusa da birnin.

Gawarwakin da aka zubar a kan titi sun jawo wa gwamnati surutun duniya, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun lura cewa daga 2016 salon ya sauya, aka koma yi a ɓoye. Mota mai baƙin gilashi ta tsaya, a yi awon gaba da mutum daga bakin kasuwa ko tashar mota, wani lokaci bayan wani da ya sani ya kira shi a waya. Waɗanda suka tsira sun ambaci hedikwatar hukumar leƙen asiri ta SNR, wadda ke dab da babban cocin Katolika na Bujumbura, da gidajen kwana da aka mayar kurkuku, da hannun matasan jam'iyya mai mulki da ake kira Imbonerakure. A Disambar 2018 BBC ta watsa wani bincike kan wani gida a unguwar Kinindo da aka ga jan ruwa na kwarara daga magudanarsa. Gwamnati ta ƙaryata, ba a jima ba ta ƙwace lasisin gidan rediyon. Amfanin wannan salo ga mai mulki a fili yake. Kisa a bainar jama'a yana barin gawa da shaidu da ranar da za a riƙa tunawa. Ɓatarwa ba ta barin komai sai iyali da ke zarya daga ofis zuwa ofis, ana ce musu ba a san da shi ba, wani jami'in ma ya karɓi kuɗinsu da alkawarin sako shi. Babu jana'iza, babu zaman makoki, mata ba ta san ko mai aure ce ko mai takaba ba, gado ba ya rabuwa. Kuma muddin suna sa ran yana raye, ba za su ɗaga murya ba, don kada maganarsu ta zama ajalinsa.

Gwamnati tana da amsa, kuma ba duka ce ta banza ba. Ta ce waɗanda ake kuka a kansu sun tsallaka iyaka ne ko sun shiga tawaye. Gaskiya ne fiye da mutum 400,000 sun gudu zuwa Tanzaniya da Ruwanda da Kwango da Yuganda, gaskiya ne kuma an yi ta jifa da gurneti, an kashe manyan gwamnati irin su Janar Adolphe Nshimirimana a watan Agustan 2015. To amma wanda ya gudu yakan aiko da saƙo, ko bayan shekara ne. Marie-Claudette Kwizera, ma'ajin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Ligue Iteka, an ɗauke ta a Bujumbura ranar 10 ga Disambar 2015. Jean Bigirimana, ɗan jaridar Iwacu, an ɗauke shi a Bugarama ranar 22 ga Yulin 2016. Ba wanda ya sake jin muryarsu. In da a ce hukuma na da zargi a kansu, kotu tana nan, rajista tana nan. Ƙasar da ke da gaskiya ba ta rufe ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar yadda Burundi ta sa aka yi a 2019, ba ta kuma ficewa daga kotun duniya ta Hague, abin da ita ce ƙasa ta farko da ta yi a Oktoban 2017. Ficewar ba ta hana komai ba, domin kwana biyu kafin ta fara aiki alƙalan kotun sun ba da izinin bincike, bisa ƙiyasin cewa an kashe aƙalla mutum 1,200, ɗaruruwa kuma sun ɓace.

Masu cewa babu ƙabilanci a ciki su ma suna da abin kamawa. Niyombare da ya jagoranci juyin mulkin ɗan Hutu ne, haka yawancin manyan da suka bijire daga cikin jam'iyya mai mulki. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2017, ya ce akwai dalilin yarda cewa an aikata laifuffukan cin zarafin bil'adama, amma bai samu niyyar ƙare wata ƙabila ba. Wannan hukunci ya kamata a riƙe shi, domin kiran kowace ta'asa kisan ƙare dangi yana ba azzalumi ƙofar fita: da zarar ya nuna ba ta kai ta Ruwanda a 1994 ba, sai ya ce ƙarya ake yi masa gaba ɗaya. Duk da haka kwamitin ya rubuta zagin ƙabilanci da ake yi wa Tutsi a lokacin kamu da azabtarwa, kuma kwamitin yaƙi da azabtarwa na Majalisar ya nuna damuwa a 2016 kan yadda ake kashewa da ɓatar da sojojin tsohuwar rundunar gwamnati ta zamanin yaƙin basasa, waɗanda akasarinsu Tutsi ne. Ɗan Hutu sai ya yi wani abu, ko an ce ya yi, kafin a zo kansa. Saurayin Tutsi na Musaga kuwa, unguwarsa da asalinsa sun isa su sa shi cikin jerin waɗanda ake zargi.

Tarihin ƙasar ma shaida ne cewa ɓatar da mutane ba shi da ƙabilar da ya keɓe wa kansa. A 1972, zamanin Shugaba Michel Micombero, sojojin da Tutsi ke jagoranta ne suka riƙa lodin malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikatan Hutu a manyan motoci, fiye da mutum 100,000 suka halaka. Mahaifin Nkurunziza na cikinsu. Bayan mutuwar Nkurunziza a Yunin 2020 da hawan Évariste Ndayishimiye mulki, masu bin diddigi sun ci gaba da rubuta sunayen ɓatattu, da dama daga jam'iyyar adawa ta CNL, wadda yawancin magoya bayanta Hutu ne, ana kuma tsintar gawarwaki a kogin Rusizi. Ƙungiyar FOCODE, ta hanyar shirinta na Ndondeza, tana tattara suna da hoto da ranar da aka ɗauke kowane mutum, aikin da rajistar hukuma ce ya kamata ta yi shi.

Burundi tana da hukumar gano gaskiya da sasantawa, wadda a 2020 ta tono gawarwaki fiye da 6,000 a lardin Karusi, a 2021 kuma ta ayyana abin da ya faru a 1972 a matsayin kisan ƙare dangi kan Hutu. Iyalan waɗancan mamata sun cancanci hakan tun tuni. Amma dokar da ta tsara aikin hukumar ta tsayar da hurumin bincikenta a shekarar 2008, don haka duk wanda aka ɗauke daga 2015 zuwa yau ba ya cikin lissafinta.