Jan Fitsari Ba Shi Ne Abin Tsoro Ba: Maganin Kariyar Tarin Fuka Ga Yara

Idan gwaji ya nuna magidanci a unguwar Jekadafari ko Pantami da ke Gombe yana ɗauke da tarin fuka, ma'aikatan lafiya ba sa tsayawa a kansa shi kaɗai. Sai sun nemi ganin yaran gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda aka duba aka ga cutar ba ta bayyana a jikinsa ba, shi ake ɗora wa maganin kariya. Dalili kuwa, ƙwayar cutar takan yi lamo a jiki, in ta farka a ƙaramin yaro tana iya haurawa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka, irin na Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha a nan Gombe. Da can isoniazid kaɗai ake bayarwa, kullum har wata 6. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun ƙarfafa gajerun hanyoyi: haɗin isoniazid da rifampicin kullum na wata 3, mai narkewa a ruwa, ko isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12.

To, a nan ake samun tangarɗa. Uwa ta ba ɗanta lafiyayye magani, da rana ta ga fitsarinsa ya koma ja kamar an zuba manja. Duk wanda ya san tsargiya a garuruwan bakin ruwa irin su Dadin Kowa, dole gabansa ya faɗi. Amma wannan ba jini ba ne. Launin rifampicin ne, haka ma rifapentine. Yakan fito har a hawaye da gumi, kuma yana gushewa da an gama shan maganin. Ban ga laifin uwar da ta tsorata ba. Laifin na wanda ya miƙa mata ƙwayoyi ne bai yi mata wannan bayanin na minti ɗaya ba.

Tashin zuciya da ɗan ƙin abinci a kwanakin farko su ma sukan wuce. Isoniazid kuma kan taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, yaro ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, ko ya ƙi taka ƙasa. An fi ganin haka ga masu tamowa da masu ɗauke da ƙanjamau, shi ya sa ake haɗa musu da bitamin B6.

Abin da ya cancanci fargaba ba ya zuwa da hayaniya, wato taɓuwar hanta. Ba kasafai take samun yara ba, manya sun fi su haɗarinta nesa ba kusa ba. Alamunta su ne farin ido ya koma ruwan ɗorawa, amai ya ƙi tsayawa, ciwo a damar ciki ƙarƙashin haƙarƙari, yaro ya yi laushi. Mu kuwa da mun ga ido ya canza sai mu ce shawara ce, a aika neman sassaƙe da jiƙo, ana ci gaba da ɗura ƙwayoyin asibiti a gefe. Hantar da ta jigata an ƙara mata kaya ke nan. Abin yi shi ne a dakatar da maganin a ranar, a kai yaron inda aka karɓo shi. Haka nan in ƙuraje suka feso a jiki, ko fuska ta kumbura.

Yaron da ke shan maganin ƙanjamau, a sanar da likita tun farko, don rifampicin na rage ƙarfin wasu daga cikin magungunan ƙanjamau. Awon maganin da nauyin yaro ake yinsa, saboda haka ba a gutsura wa ƙane na wa. A kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, domin isoniazid in aka sha da yawa lokaci guda yana kawo jijjiga mai tsanani.