"Ba shi da kan lissafi": Maganar da ke rufe wa ƙannenmu ƙofa a Anka, Gummi da Bukkuyum

Idan kana cikin masu bugun ƙirji a Facebook suna cewa "ni tun firamare ba ma ga-maciji da lissafi", tsaya ka tuna inda maganar ta samo asali. Da wuya a ce kai ka ƙirƙiro ta. Galibi wani ne ya fara faɗa maka, malami da bulala a hannu, ko yayanka, ko ma iyaye, ranar da ka kasa faɗin shida sau bakwai. Aka ce "wanga yaro ba shi da kai", ka ji, ka yarda, ka rufe littafin.

To yanzu ga ƙaninka ko ƙanwarka a aji biyu. Kai ne mai waya a gidan, wurinka ake turo su da aikin gida. Abin da zai fito daga bakinka yana da nauyi fiye da yadda kake zato.

Lissafin da ke kan farantin talla

Je tashar mota a Gummi ko bakin kasuwar Anka ka tsaya kusa da yarinya mai tallan awara. A ce uku naira 100 take sayarwa. Wani ya ɗauki goma sha biyu ya miƙa mata 500. Kafin ka zaro waya ka buɗe kalkuleta, ta riga ta miƙa masa canjin 100. A cikin daƙiƙa biyar ta yi rabawa, ta yi ninkawa, ta yi ɗebewa, ba alli ba allo. Amma gobe a rubuta mata 12 ÷ 3 a aji, sai ta sunkuyar da kai, sai a ce ba ta gane komai.

Ƙwaƙwalwar da ta ƙirga canji ita ce dai take zaune a aji. Abin da ya bambanta shi ne a tasha da Hausa take tunani, abin da take ƙirgawa yana gabanta, kuma ta yi shi sau ɗari. A aji kuwa alamomi ne da ba a haɗa mata su da abin da ta sani ba, ga tsoron dariyar 'yan aji.

Abin da bincike ya nuna

Wata farfesa 'yar Amurka, Carol Dweck ta Jami'ar Stanford, ta shafe shekaru tana nazarin yadda yara ke kallon basirarsu. Ta ga wasu sun ɗauka basira rabo ce da aka yanka wa mutum tun haihuwa, ba ta ƙaruwa. Wasu kuma suna ganin ta kamar gona ce, gwargwadon aikin da ka yi mata gwargwadon abin da za ta ba ka. A wani gwaji da ita da Claudia Mueller suka wallafa a 1998, an ba 'yan aji biyar tambayoyi, sannan aka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka kira masu ƙwaƙwalwa su ne suka fi saurin karaya, suka fi son a ba su mai sauƙi, wasu har ƙarya suka yi game da makinsu don kar sunan ya zube. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka ci gaba da fafatawa.

Ka ga ke nan ba "daƙiƙi" kaɗai ke yin ɓarna ba. "Ai shi gwani ne, ya gado babansa" ma tana iya sa yaro ya riƙa gudun duk abin da zai iya kunyata shi.

Amma fa kar a ɗauka sihiri ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, kan ɗalibai sama da 12,000 a Amurka, ya nuna cewa koya wa yara wannan tunani yana ɗaga maki, sai dai ɗagawar kaɗan ce, kuma ta fi bayyana ga waɗanda ke baya a aji. Magana mai daɗi ita kaɗai ba ta koyar da ɗebewa. Sai an haɗa da koyarwa ta gaske.

Kafin ka yanke wa yaro hukunci

A yankinmu akwai dalilan da ke mayar da yaro baya waɗanda ba su da alaƙa da kansa. A watan Satumban 2021 an rufe makarantun Zamfara baki ɗaya bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin garin Anka, Gummi ko Bukkuyum saboda 'yan bindiga. Yaron da ya yi shekara biyu ba ya zuwa aji, sannan aka sa shi aji huɗu saboda tsayinsa, dole ya zauna yana kallon allo kamar baƙo. Lissafi tsani ne, idan matakala biyu suka ɓalle ba a tsallake su da bulala.

Akwai kuma maganar gubar dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, tana rage masa natsuwa da saurin koyo. Yunwa ma haka, da matsalar ido ko kunne da ba a gano ba. Idan ka ga yaro yana iya bakin ƙoƙarinsa amma abin ba ya zama, musamman a gidan da ake harkar zinare, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya. Irin wannan yaron ma yana koyo, lokaci da haƙuri yake buƙata fiye da sauran.

Minti goma sha biyar bayan magariba

Ba sai kana da takardar NCE ba. Fara daga inda yaron yake, ka manta da ajin da aka sa shi. Idan ɗan aji huɗu bai riƙe tarawa ba, ku koma tarawa. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, ta raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu, kuma an gwada ta a Borno da Kano. A Zamfara da Katsina ma an yi shirin RANA, wanda aka fara a 2015 ƙarƙashin UNICEF, na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Don haka kar ka ji nauyin yin bayani da Hausa.

Idan ya yi kuskure, kar ka yi saurin cewa "ba haka ba ne". Ka ce ya nuna maka yadda ya yi. Misali ka ba shi 52 a ɗebe 17, ya rubuta 45. Ba shirme ya yi ba: ya ɗebe 1 daga 5, sannan da ya ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ya juya ya ɗebe 2 daga 7. Tunani ne, hanya ce kawai ta kauce. Samo tsinken tsintsiya ku ɗaure goma-goma, ɗauri biyar da tsinke biyu. Ce masa ya ba ka goma sha bakwai. Da kansa zai ga sai ya kwance ɗauri ɗaya, ya kuma ga 35 ta rage a gabansa. Daga ranar, "aro" ya daina zama waƙar da ake haddacewa.

Kayan aikin duk suna gidan: ƙwallon dabino, murafen kwalba, mudu da tiya, duwatsun 'yar carafke, ramukan dara. Tiya nawa ke cika wannan buhun? Idan muka raba gyaɗar nan mu huɗu, nawa kowa zai samu, nawa za ta yi saura?

Sai harshe. Idan ya ce "ban iya ba", ƙara masa kalma ɗaya: tukuna. "Ba ka iya ba tukuna." Idan ya samu, faɗi takamaiman abin da ya yi: "Na ga da ta ƙi sai ka sake ta wata hanya, haka ake yi." Ka daina gasar wa ya fi sauri, domin mai jinkiri sau da yawa tunani yake yi. Ke kuma yaya, ki kiyaye faɗin "mu mata ba mu da kan lissafi" a gaban ƙanwarki, ai kin ga abin da mai awara ta yi.

Abin da ke jiran su a gaba

Duk yaron da zai nemi likitanci, aikin jinya, injiniya ko kwamfuta, a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko wani wuri, sai da kiredit a lissafi. Ko bai je nan ba, mai POS, mai awon hatsi da manomin da ke lissafin taki duk da shi suke cin abinci. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar malamai nawa suka isa makarantun ƙauye. Amma gwamnati ba za ta shigo zaurenku ta hana a kira ƙaninka daƙiƙi ba.

Kuma lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Cikin nasihar da ya yi wa masu koyo har da cewa kar su karaya idan abin ya ƙi. Da rarrafe yaro kan tashi. Yau da daddare, kafin ka shiga TikTok, kira ƙaramin gidan ku kwance ɗauri ɗaya na tsinke.