Kafin Ki Ba Da Sunanki, Ki Tambayi Dalili

Yau ina so mu yi magana a kan rajistar dole, wadda kamfanoni ke ɗora wa mai son shiga shafinsu na intanet.

Idan mace ta je babbar kasuwar Birnin Kebbi sayen atamfa, ba mai tambayarta ranar haihuwa. Ta taya, ta biya, ta tafi abinta. Amma a shafin kamfani sau da yawa ba za ki sayi ko allura ba sai kin rubuta suna, da lambar waya, da adireshin imel, sa'an nan ki ƙaga kalmar sirri. Wani dalilin na gaskiya ne, domin mai aiko kaya tilas ya san inda zai kai su. Wani kuwa don amfanin kamfani ne kawai, watau ya san abin da kike saye, ya riƙa turo miki talla ba dare ba rana.

Wajibi ne mu bambanta rajista iri biyu. Akwai ta hukuma. Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN a 2014, kuma manoman shinkafa da suka shiga shirin bashin noma da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015 sun ga yadda banki ke nemanta. A Disamba 2020 aka ba da umurni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, mai alƙaluma 11. Tun 2021 kuma hukumar JAMB ba ta karɓar ɗalibi sai da ita. Waɗannan ba makawa. Amma mai sayar da takalmi ba shi da hujjar neman BVN ɗinki.

To, ga inda matsalar take a wajenmu. Mata da yawa a Zauro da Argungu, da shike ba su saba da abin ba, sai su miƙa wa yaron shagon kwamfuta ya cika musu. Shi kuwa don sauri yakan sa imel nasa, ya zaɓi kalmar sirri da kansa. Ran da kika mance hanyar shiga, saƙon gyara wurinsa zai tafi. Haka nan yarinyar da ta yi rajistar jarrabawa da layin wani, saƙonnin hukuma can za su riƙa zuwa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga shawarata. Ki yi rajista da layin da ke ɗauke da sunanki, kuma kada ki bar shi ya daɗe ba a mora, domin kamfanin waya yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Ki rubuta kalmar sirrinki a littafi, ki adana inda kike ajiye sarƙarki. Lambar da banki ke aiko miki ta saƙo kuwa, kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. In shafi ya yarda a yi sayayya ba rajista, ki bi wannan hanya.

Har ila yau ku sani doka tana bayanku. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ba ki ikon janye yardarki, da neman kamfani ya share bayananki in ba dalilin riƙe su.

Ku 'yan makaranta, ku Allah ya ba karatu. Ku zauna kusa da iyayenku mata ku karanta musu abin da ake tambaya, layi layi, kafin a danna komai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.