Sautin da ke Tsakanin Maɓallai Biyu: Yadda Ake Busa Rubu'in Murya da Kilarinet

Idan ka taɓa zama gaban fiyano, ka san cewa daga wannan maɓalli sai na kusa da shi, babu komai a tsakani. To amma kunnenka yana jin sautuka da dama a wannan tsakanin. Saurari waƙoƙin Ummu Kulsum ta Masar, za ka ji muryarta tana sauka a wuraren da fiyano ba shi da maɓallinsu. Tambayarmu ta yau ita ce: yaya mai busa kilarinet, abin busa da aka ƙera bisa lissafin Turai, yake samo waɗannan sautuka?

Mu fara da lissafi

Sauti girgizar iska ce. Yawan girgizar a daƙiƙa guda shi ake aunawa da Hz. Sautin da makaɗan Turai ke kira A, wanda suke saita kayan kiɗansu da shi, yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Idan ka ninka ya koma 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya hau bene. Wannan tazara ita ce oktaf.

Tsarin Turai ya raba oktaf gida 12 daidai wa daida. Kowane gida ana ce masa rabin murya, kuma yana ɗaga girgiza da kusan kashi 6 cikin ɗari. Daga 440, mataki na gaba shi ne 466. Rubu'in murya shi ne rabin wannan matakin, wato a raba oktaf gida 24. Tsakanin 440 da 466 sai ka sami 453. Masu awon sauti suna da ma'auni mai suna senti: rabin murya senti 100 ne, rubu'i kuwa 50.

Ga gwajin da za ka iya yi da wayarka. Sauke manhajar da ke fitar da sauti bisa lamba, ka kunna 440 da 453 lokaci guda. Za ka ji wani karkarwa mai damun kunne, domin igiyoyin sautin biyu suna haɗuwa suna rabuwa sau 13 a daƙiƙa. Yanzu kunna su ɗaya bayan ɗaya. Karkarwar ta tafi, sai ɗan taku mai laushi. Shi ya sa rubu'in murya ya fi zama a kiɗan da ke bin layin waƙa guda, irin na Larabawa da Turkawa, fiye da wanda ke tara sautuka da yawa a lokaci ɗaya.

Yadda kilarinet ke yanke shawarar sauti

Kilarinet ta samo asali ne a birnin Nuremberg na Jamus wajajen 1700, kuma ana danganta ta da maƙerin kayan busa Johann Christoph Denner. Bututu ce mai tsawon da ya ɗan haura santimita 60, da ɗan fallen kara guda ɗaya a baki wanda ke kaɗawa idan an hura. Algaita falle biyu gare ta, nan suka bambanta.

Abin da ke yanke sautin shi ne tsawon iskar da ke girgiza a cikin bututun. Ka toshe duk ramuka, iskar ta kai har ƙasa, sauti ya yi kauri. Ka buɗe rami, kamar ka yanke bututun ne a wurin, sauti ya yi sama. Tsarin maɓallan da aka fi amfani da shi yau, wanda Hyacinthe Klosé da Louis-Auguste Buffet suka tsara a Faris tsakanin 1839 da 1843, an huda ramukansa ne don matakai 12 ɗin nan. Mai goge ba shi da wannan matsala, duk inda ya ɗora yatsa a kan tsirkiya akwai sauti. Mai kilarinet kuwa ramukansa a ƙirge suke.

Rubu'in murya yana buƙatar canjin tsawo na kusan kashi 3 cikin ɗari kacal. Idan iskar da ke girgiza ta kai santimita 30, muna maganar milimita 9 ne. Babu rami a wurin, sai dabara.

Dabaru uku

Ta farko ita ce toshe rami a ƙasa da wanda ke buɗe. Ɗazu mun ce buɗe rami kamar yanke bututu ne, amma ba yankewa ce tsaf ba. Girgizar tana ɗan zarcewa ta wuce ramin kafin ta mutu. Idan mai busa ya toshe rami ɗaya ko biyu a can ƙasa, zarcewar tana ƙaruwa, sautin ya ɗan sauka. In an dace da haɗin yatsun, saukar ta yi daidai da senti 50. Littattafai irin na Bruno Bartolozzi na 1967 da na Phillip Rehfeldt na 1977 sun tattara jadawalin irin waɗannan haɗe-haɗe.

Ta biyu ita ce rufe rabin rami da yatsa. Ramin da aka rage wa faɗi yana aiki kamar an matsar da shi ƙasa. Ta uku kuma baki ne: sassauta leɓe da canza wurin zaman harshe da maƙogwaro yana saukar da sauti, musamman a sautukan sama. Wannan haɗin na zamewar yatsu da sarrafa baki shi ne ke fitar da dogon sulun nan da ya buɗe kiɗan Rhapsody in Blue na George Gershwin a 1924.

Kowace dabara da kuɗinta. Sautin da aka samo ta toshe ramukan ƙasa yakan fito a dushe, launinsa daban da na maƙwabtansa. Haɗin da ya yi aiki a wannan kilarinet ɗin zai iya kaucewa a wata. Sannan a sautukan can ƙasa, inda kusan duk ramuka a toshe suke, babu sauran ramin da za a yi wasa da shi, don haka wasu rubu'an da ƙyar ake samunsu. Ga kuma zafi: saurin sauti a iska yana ƙaruwa da ɗumi, kusan senti 3 a kowane digiri ɗaya. Kilarinet mai sanyi sautinta ƙasa yake, kuma wanda ke farautar senti 50 ba shi da rarar da zai yi asara.

Me zai hana a ƙera sabuwa?

An gwada. A Jamus, Fritz Schüller na garin Markneukirchen ya ƙera kilarinet mai bututu biyu a jere, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, da bawul mai karkatar da iska tsakaninsu. Mawallafin kiɗa ɗan ƙasar Cek, Alois Hába, ya sa an ƙera masa kayan kiɗa na musamman, har da kilarinet, don wasan operarsa mai rubu'in murya da aka fara nunawa a Munich a 1931. Waɗannan kayan ba su yaɗu ba. Makaɗan Turkiyya da Girka kuwa sun bi wata hanya: da yawansu suna riƙe da tsohon tsarin Albert mai ƙarancin ƙarafuna, suna lanƙwasa sauti da yatsa da leɓe.

Akwai dalilin da ya sa hanyarsu ta fi dacewa da kiɗansu. A babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, wanda Hába ma ya halarta, an yi muhawara mai zafi kan ko raba oktaf gida 24 daidai ya wakilci abin da mawaƙa ke rerawa. Ba a cimma matsaya ɗaya ba. Sautin da ake rubutawa a matsayin rubu'i a maƙamin Rast ko Bayati ba kullum yake zaune a senti 50 cif ba, yana ɗan hawa ko sauka gwargwadon maƙami da yanki. Kilarinet mai gida 24 za ta ba ka lambar takarda, alhali mawaƙin Halab ko na Istanbul wani wuri daban yake nufi.

Saboda haka, idan ka ji mai kilarinet ya sauka a sautin da ya yi maka baƙo, kada ka yi saurin cewa ya kauce. Mai yiwuwa ya kwashe watanni yana horar da yatsunsa da kunnensa don ya sami waɗancan milimita 9 ɗin.