Da Me Ake Auna Tsaron Makarantar Kwana?

Duk lokacin da aka sace ɗalibai a wata makaranta, alkawarin da hukumomi suka fi saurin yi shi ne katanga. Ba mamaki, domin katanga aba ce da ido ke gani, ana ba da kwangilarta, a yi bikin buɗe ta. Sai dai tambayar da ta kamaci mai tsara tsaro ita ce: daga lokacin da aka hango mahara zuwa lokacin da agaji zai iso, minti nawa ne? Katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, iyakar aikinsu su ɓata wa mahari lokaci. In za su tsayar da shi minti goma, jami'an tsaro kuma sai sun yi awa biyu a hanya, to kuɗin siminti ya tafi a banza.

Abubuwan da suka faru a ƙasar nan sun isa hujja. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Ƙungiyar Amnesty International ta ce jami'an tsaro sun samu labari fiye da awa huɗu kafin harin amma ba a tura ƙarin dakaru ba, ko da yake sojoji sun musanta. A Dapchi, inda aka sace 'yan mata 110 a Fabrairun 2018, an janye sojojin garin makonni kaɗan kafin harin. A Ƙanƙara kuwa, a Disambar 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kora yara fiye da 300 cikin daji. Wace katanga ce za ta tare irin wannan ayari?

Saboda haka ba a yi wa kowace makaranta awo da mudu ɗaya. Makarantar jeka-ka-dawo da ke tsakiyar Kano, wadda abin da take fargaba bai wuce ɓarawon kwamfuta ko ɗan daba ba, maigadi da fitila da ƙofa mai kyau sun wadatar da ita. Wadda ɗaruruwan yara ke kwana a cikinta a gefen dajin Rugu lissafinta daban ne. A nan sai a duba ko waya na shiga da daddare, ko mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar daji sun san lambar da za su kira, da kuma ko motar jami'an da ke kusa tana da mai. Waɗannan sun fi katanga arha, sai dai babu mai yin suna da su.

Wani zai ce a girke sojoji a kowace makaranta, a huta. Sojojin ba su kai yawan makarantun ba, kuma makarantar da ta koma sansani ita kanta ta zama abin hari. Abin da ya sa ke nan yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta ja kunne kan amfani da makarantu wajen ayyukan soja. Wani kuma zai ce tsaro ba ya yin yawa. Yana yi. A 2001 gobara ta halaka ɗalibai 67 a makarantar Kyanguli da ke Kenya, a ɗakin kwanan da aka yi wa tagoginsa ƙarfe, ɗaya daga cikin ƙofofinsa kuma a kulle. Duk ƙarfen da aka sa don hana shiga, sai an tambaya ta ina yara za su fita.

Akwai kuma inda lissafin ba zai taɓa daidaita ba, komai aka kashe, domin daji ya fi barikin jami'an tsaro kusa. A irin wannan wuri, abin da ya rage shi ne a mayar da makarantar ta jeka-ka-dawo, ko a kai ɗakunan kwanan cikin gari, a ci gaba da karatu da rana.