RIBAR SHANU: GIDA A MARAƊI KO A KATSINA?

Jama'a, kuɗin fataucin shanu ba albashi ba ne. Yakan zo da ƙarfi gab da salla, sa'an nan ya yi shiru. Shi ya sa da yawanmu in riba ta faɗo sai mu zuba ta a gini tun ba ta narke ba. To, amma ina?

Mai gidan haya a Maraɗi sefa yake karɓa, ita kuwa ɗaure take da yuro. Na Katsina naira yake karɓa, kowa kuma ya ga faɗuwarta tun 2023. Sai dai fa sefar ma an taɓa raba darajarta biyu, a 1994. Lanho kuwa bai san rufe iyaka ba: a 2023 shanu sun tsaya, takardar harajin gida ba ta tsaya ba. Wanda ya juye duk jarinsa a bulo ya ji jiki.

Ga zakka. Gidan haya ba a fitar masa bisa kimarsa, sai kuɗin hayar in sun kai nisabi suka shekara. Filin da aka ajiye ana jiran tsada kuwa haja ne. Ran da aka sayar, in ya shekara, a fitar da ɗaya cikin arba'in.