Jirgi ɗaya, iyayengiji biyu: yadda umurni ke tafiya cikin rundunar ruwan Faransa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar hayar kamyo ya san mota tana da iyayengiji biyu: mai ita, wanda ke gyaranta yana biyan direba, da kuma mai kaya, wanda ke faɗin inda za ta nufa. Kusan bisa wannan tsari ne aka gina shugabancin sojan ruwa na ƙasar Faransa.

A can bisa ƙoli, tsarin mulkin shekara ta 1958 ya ɗora wa shugaban ƙasa jagorancin dukan askarawa. Daga ƙarƙashinsa hanya ta rabu biyu. Ta farko tana hannun babban hafsan sojan ruwa, wanda aikinsa shi ne shirya runduna: ɗaukar matasa, horonsu, gyaran jirage da tanadin kayan aiki. Amiral huɗu ke taya shi: na jiragen saman ruwa da na jiragen sama, dukansu a Tulon, na jiragen ƙarƙashin ruwa, a Bares, da na dakarun kundumbala, a Loriyan.

Amma ranar da jirgi ya bar tasha zuwa fagen aiki, sai ya koma hanya ta biyu, wadda ke hannun babban hafsan hafsoshin ƙasa baki ɗaya. Shi kuwa yana bi ne ta kumandodin yankunan teku: na Atalantika a Bares, na Bahar Rum a Tulon, na tekun Indiya a Abu Dabi. Ke nan jirgin da aka horar a Tulon, idan aka tura shi mashigin Gine cikin aikin Korimbe, wanda aka soma a 1990, daga Bares zai riƙa samun umurni. Wannan ruwan ne jiragen kaya ke ratsawa kafin su isa Kotonu da Lome, inda hajar ƴan kasuwar Nijar ta saba sauka.

Hikimar abin a fili take. Wanda ke cikin zafin aiki ba ya da sukunin tunanin injin da za a sake baɗi, mai gyara kuma, in an bar shi, zai so jirginsa ya zauna tasha kada ya lalace. Sai dai rabon yana da tsada, domin jayayya ba ta ƙarewa tsakanin mai neman jirgi yau da mai cewa matuƙa sun gaji.

Akwai wani muƙami da ma'aikatan gwamnati za su gane da sauri, wato prefen teku, wanda Bonapart ya ƙirƙiro a 1800. Uku ne a gaɓar Faransa: Sherbur, Bares da Tulon. Amiral ɗin da ke kumandan yanki shi ne kuma prefe, amma idan ya sa wannan hula, ga firaminista yake ba da bahasi, kan ceton mutane, gurɓatar ruwa da fasa-ƙwauri. Mutum guda, ofis guda, shugabanni biyu, kuma dole kowace takarda ta nuna da wace hula aka sa mata hannu.

Cikin jirgi kuwa babu wannan rabo. Shugaba ɗaya ne, ana ce masa kumandan ko da galarsa ƙarama ce, matuƙa kuma a bayan idonsa suna kiransa «pasha». Mataimakinsa ke riƙe da horo, abinci da tsarin gadi, domin shi ya ji da tuƙi da yaƙi. Yana iya ba wani aiki, amma ba ya iya ba shi alhaki: ko yana barci jirgi ya hau dutse, shi za a fara tambaya.

Hanya mafi gajarta ita ce ta jiragen ƙarƙashin ruwa huɗu masu ɗauke da makaman nukiliya, waɗanda mazauninsu ke kusa da Bares. Tun 1972 ba a rasa aƙalla ɗaya cikin teku, a ɓoye. Umurnin harba makamansu daga shugaban ƙasa kaɗai yake fitowa, kuma kumandan ba ya zartar da shi sai mataimakinsa ya tabbatar da saƙon tare da shi.